Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen mayar da gidan talabijin kan IP

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin sababbin injiniyoyi, wai komawa IP, wato tura hoto da sauti ta hanyar sadarwar kwamfuta, ba komai ba ne illa a zare kebul ɗin SDI, tsohon kebul ɗin hoto na gidan talabijin, a soka na intanet. Duk gidan da ya shiga aikin da wannan tunani, sai ana tsakiyar watsa shiri yake gane bai shirya ba.

Abin da aka fi rainawa shi ne agogo. A SDI, hoto da sauti da bayanan da ke biye da su kebul guda suke bi, tare suke isa. Tsarin ST 2110 da ƙungiyar SMPTE, mai tsara ƙa'idojin talabijin, ta fara fitarwa a 2017 ya raba su, kowa da hanyarsa, kuma ba abin da ke sake haɗa su sai lokacin da aka buga wa kowane ƙunshin bayanai. Daga PTP, tsarin daidaita agogon na'urori, wannan lokacin yake fitowa. Shi kuwa PTP zaɓe yake yi: na'urori su duba juna, su naɗa wadda ta fi cancanta ta zama uwar agogo. In ba ka gaya wa kyamarori da sauran kaya cewa su mabiya ne kawai ba, ranar da uwar ta ɓace wata na'ura can a lungu za ta ɗare kujerar.

Na ga wannan da idona a wani gida. Aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi uwar agogo ta mutu, don ba wanda ya tuna ya ɗora ta a kan batir. Wata ƙaramar na'ura ta karɓi ragama da lokacin da ba shi da tushe. Bakin mai karanta labarai yana motsi, murya tana biyowa daga baya, wasu kyamarorin ma suka ƙi hawa, mu kuma muna ta sauya kebul da ba shi da laifi. Haka labaran dare suka fita, mai talla ya ce ba zai biya ba. Tun daga nan ba na taɓa aiki sai da uwar agogo biyu, kowacce da eriyar GPS ɗinta da batirinta. Da hannuna nake tsara wadda ke gaba da wadda ke baya, sauran kaya duka in kulle su a matsayin mabiya. Lambar yankin PTP, wadda sai ta zo ɗaya na'urori ke bin agogo guda, 127 ce a ƙa'idar ST 2059-2, ina bin na'urori ɗaya bayan ɗaya in duba, musamman kayan sauti, don sau da yawa da tasu lambar suke zuwa.

Kuskure na biyu, amfani da suwic ɗin ofis, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci. Haba malam! Hoton 1080i da ba a matse ba ya haura gigabit 1 a daƙiƙa, 1080p50 ya haura 2, UHD kuwa ya wuce 8. Ka gwada NDI, wanda matsattsen hoto ne mai cin megabit ɗari da 'yan kai, ya tafi lafiya, sai ka ɗauka ka iya? Kuma ko suwic ɗin mai ƙarfi ne, in ba ka kunna IGMP ba, wato tsarin da ke sa ya san wa ya nemi wane hoto, kowace ƙofa zai cika da duk abin da ya shigo, har komai ya tsaya. Ka tabbatar akwai na'urar da ke aika tambayar IGMP a kai a kai, in ba haka ba hoto zai zo, bayan 'yan mintuna ya ɗauke.

Hanya biyu ta ST 2022-7, ja da shuɗiya, wato tura hoto ɗaya ta layi biyu don in ɗaya ya yanke ɗayan ya riƙe, ba ta da amfani in suwic ɗaya ko soket ɗaya suke bi. Kada ka yarda da rubutun kwali cewa kaya na jin NMOS, tsarin da na'urori ke gano juna su haɗu, sa mai sayarwa ya haɗa IS-04 (na ganowa) da IS-05 (na haɗawa) a gabanka kafin a biya. Adireshin kowane hoto da sauti a rubuta shi wuri ɗaya, kada ya zauna a kan mutum guda. Kan kebul ɗin gilashi a goge shi kafin a soka, balle lokacin hunturu da ƙura. Ni kuma ba na cire tsohon layin SDI na ɗakin labarai sai sabon ya yi watanni yana aiki a gefensa, an kuma zare wa uwar agogo wuta da gangan, da rana, an ga ta biyun ta karɓa.