Kurakuran masu sharhi kan abin da ke tsorata 'yan kama-karya

Duk lokacin da wata gwamnatin kama-karya ta jibge sojoji a bakin iyakar maƙwabciyarta, sai sababbin masu sharhi su fito da kurakuran da muka yi tun tuni. Na gaji da jin su.

Mafi muni shi ne ɗaukar kurari a matsayin azama. Wannan ya taɓa cina, shi ya sa nake da zafi a kansa. A Janairun 2022 na zauna gaban makirfo da tarin jawaban shugabannin Yamma, duk na bi su da jan biro, na tabbatar wa masu sauraro cewa Putin ba zai shiga Yukren ba saboda takunkumin da ake masa barazana da shi. Ranar 24 ga Fabrairu ya shiga. Akwai waɗanda suka yarda da maganata, kuma har yau abin yana min ciwo. Tun a Disamban 2021 Biden ya faɗa a fili cewa ba zai tura sojojin Amurka ba, na karanta na wuce. Shi kuwa Putin yana da nasa lissafin: ya daki Jojiya a 2008, ya ƙwace Kirimiya a 2014, bayan nan ma Jamus ta ci gaba da aikin bututun gas na Nord Stream 2 tare da shi.

Tun daga ranar, kafin in saurari bakin shugaba sai na duba hannunsa. Me ya kashe, wa ya tura, me zai yi asara in ya janye? A 1981 Birtaniya ta sanar cewa za ta janye jirgin sintirinta Endurance daga yankin tsibiran Falkland da ke hannunta kusa da Ajantina, don tsimin kuɗi. Janar-janar ɗin da ke mulkin Ajantina suka ga bango ya tsage, ranar 2 ga Afrilu 1982 suka mamaye tsibiran. Sojojin Amurka da Birtaniya da Faransa da ke Yammacin Berlin a zamanin yaƙin cacar baka kuwa ba su da yawan da za su tare rundunar Sobiyet, amma taɓa su yaƙi ne da ƙasashe uku, kuma ba a taɓa su ba.

Sai masu jawo yarjejeniyar Munik, inda aka lallashi Hitler, a kowace magana. Haba! Gaskiya ne firaministocin Birtaniya da Faransa, Chamberlain da Daladier, sun miƙa wa Hitler yankin Sudeten na ƙasar Cekoslobakiya a 1938, kafin wata shida ya haɗiye sauran ƙasar. Amma ku da ba ku san wani tarihi ba sai wannan, ku je ku karanta rikicin Kyuba na 1962. Da Sobiyet ta girke makamai masu linzami a tsibirin, shugaban Amurka Kennedy ya datse teku da jiragen yaƙi, a ɓoye kuma ya amince zai kwashe makamansa masu linzami daga Turkiyya. Wanda ka tsare dole ka bar masa ƙofar fita, ya kuma yarda cewa in ya ja da baya ba za ka bi shi ba.

Kada ku ɗauki hayaniyar majalisa a matsayin rauni. Ni 'yan adawa nake dubawa, in sun mara wa gargaɗin da gwamnatinsu ta yi wa ɗan kama-karya baya, ya yi nauyi.

Rabin alkawari ma haɗari ne. A taron Bukarest na 2008 NATO ta ce Yukren da Jojiya za su zama mambobi, ba ta sa rana ba, ba ta ba su kariya ba. Wata huɗu bayan nan tankokin Rasha suna cikin Jojiya.