Kurakuran da masu a-kori-kura suka fi yi wajen zaɓen kaurin baƙin mai

Mai a-kori-kura yakan ɗauki motarsa a matsayin jakar aiki, kuma haka take. Tana ɗaukar kaya, tana jan tirela, tana bin hanyar da ƙaramar mota ba za ta iya ba. Daga nan ne tunani yake zuwa cewa mota mai wahala sai mai mai kauri. Wannan tunanin ya lalata injuna da yawa, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu yin sa ba sakaci ne ya kai su ba, so suke su kyautata wa motar.

Kafin a kai ga wannan, akwai kuskuren da yake haifar da sauran: rashin fahimtar lambobin da ke jikin galan. Idan ka ga 5W-30, ma'auni biyu ne aka haɗa, bisa tsarin ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE mai lamba J300. Harafin W ya fito ne daga kalmar Turanci mai nufin hunturu, ba nauyi yake nufi ba kamar yadda wasu ke zato. Lambar da ke gabansa tana faɗin yadda man ke gudana cikin tsananin sanyi: ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, sai 20W a 15, duk ƙasa da sifili. Lamba ta biyu kuwa kaurin man ne a digiri 100, wato kusan zafin da inji ke aiki a kai. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan inji ya ɗumama, bambancinsu yana lokacin tayarwa ne. Shi kuwa 5W-40 ya fi 10W-30 kauri a cikin zafi, duk da lambarsa ta farko ta fi ƙanƙanta. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin ruɗanin.

Yanzu ga babban kuskuren. Mutum ya sayi motar da kamfani ya rubuta mata 0W-20 ko 5W-30, ya taɓa man da yatsa ya ji shi tsinkakke kamar ruwa, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya ce a zuba 20W-50. Hujjarsa ita ce yanayi na da zafi kuma motar na shan wahala.

Yatsa ba ya auna komai a nan. Tazarar da ke tsakanin karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji) da metal (mazaunin da sandar ke juyawa a ciki) a injin zamani ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma an yanke ta ne daidai da man da aka tsara wa injin. Mai ba shafa ƙarfe kaɗai yake yi ba. Shi ke kwashe zafi daga metal da ƙarƙashin fistin, shi ke sanyaya sandar tobo (fankar da ke cusa iska cikin inji) wadda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a injunan fetur na yanzu shi ne ke tura na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul. Dukkan waɗannan ayyuka gudu suke buƙata. Idan mai ya yi kauri fiye da ƙima, yakan makara wajen isa saman inji bayan an tayar, na'urar bawul ta riƙa jinkiri har fitilar inji ta kama, shan fetur ya ƙaru, kuma zafin man da kansa ya hau saboda gogayyar da ke cikinsa. Akwai kuma abin da ba a gani: a cikin filtar mai ko mazauninta akwai ɗan bawul da ke buɗewa idan mai ya kasa ratsa takardar tacewa. Mai kauri da sanyin safiya yakan buɗe shi, sai datti ya wuce kai tsaye zuwa metal ba tare da an tace ba.

Game da zafin gari kuwa, inji ba da zafin waje yake aiki ba. Na'urar da ke daidaita ruwan lagireto tana riƙe shi a wajen digiri 80 zuwa 100, ko ana sanyi ko ana zafi. Ko da safiya ta kai digiri 40, a wurin inji wannan sanyi ne, domin man 5W-30 a wannan zafin ya ninka kaurinsa na aiki kusan sau biyar zuwa shida. To ina ga 20W-50?

Wasu sukan nuna gejin matsin mai su ce ai ga shi allura ta hau tun da suka canza. Hawan allura yana nuna cewa mai na shan wuya wajen wucewa ne, ba wai ya fi isa inda ake buƙatarsa ba. Ka toshe bakin tiyo da yatsa, matsi zai ƙaru, amma ruwan da ke fita bai ƙaru ba.

Gyaran mai sauƙi ne: duba murfin zuba mai, sannan ka buɗe littafin motar. Littattafai da yawa suna ɗauke da jadawalin zafin yanayi wanda ya ba da zaɓi biyu ko uku. Idan naka ya ba da, kuma kana yawan jan kaya a hanya mai hawa, ɗauki mafi kauri daga cikin waɗanda aka halatta. Misali, kamfanin Ford ya rubuta wa injinsa na dizal mai lita 6.7 man 10W-30 don aikin yau da kullum, ya kuma ce a koma 5W-40 idan aikin mai tsanani ne. Wannan hawa ne da izinin waɗanda suka ƙera injin. Tsallake mataki uku bisa jin jiki wani abu ne daban.

Kuskuren yana da kishiya, kuma ba a cika maganarsa ba. Wani ya ji an ce mai tsinkakke shi ne na zamani, sai ya zuba 0W-20 a tsohon injin dizal da aka ƙera don 15W-40. Wannan ma ɓarna ce, kuma ta fi saurin bayyana. Akwai wani ma'auni da ake yi a digiri 150 ƙarƙashin matsananciyar gogayya, wanda ke nuna ko mai zai iya raba ƙarfe da ƙarfe idan kaya sun yi nauyi. Mafi ƙarancin da aka yarda wa mai lamba 20 shi ne 2.6, mai lamba 30 kuma 2.9, shi kuwa 15W-40 sai ya kai 3.7. Injin da aka gina bisa 3.7 ba zai jure 2.6 ba a kan hawa da lodi.

Daga nan sai kuskuren duba kauri kaɗai a manta da darajar man. Galan biyu za su iya zama 5W-30 dukkansu, amma ɗaya na fetur ne ɗaya na dizal. A tsarin cibiyar man fetur ta Amurka, API, darajar da ta fara da S ta injin fetur ce, wadda ta fara da C ta dizal. Darajar SP, wadda ta fito a 2020, an tsara ta ne har da kare ƙananan injuna masu tobo daga wata irin fashewar wuta kafin lokaci da ke iya fasa fistin. A ɓangaren dizal, CK-4 da FA-4 sun fito tare a ƙarshen 2016, amma FA-4 ya fi tsinkewa a cikin zafi, kuma ba a zuba shi sai a injin da kamfaninsa ya ambace shi da suna. Idan motarka dizal ce mai matatar hayaƙi a salansa, kamar sababbin Hilux da Ranger da ake sayarwa a Turai, tana buƙatar mai marar toka da yawa, irin wanda tsarin Turai na ACEA ya sa wa harafin C, kamar C2 ko C3. Zuba mata mai mai yawan toka, ko da kaurin ya dace, zai cika matatar da tokar da ba ta ƙonewa.

Kada kuma a ce "ai Hilux ce" ko "ai F-150 ce" a tsaya nan. Suna ɗaya, injuna daban-daban, shekaru daban-daban. Injin V8 mai lita 5.0 na F-150 ta kamfanin Ford ya daɗe a kan 5W-20, daga 2021 aka mayar da shi 5W-30. Abin da maƙwabcinka ke zubawa a tasa ba hujja ba ce a kan taka.

Sai batun tsohon inji mai cin mai ko mai fitar da shuɗin hayaƙi. A nan nakan yi wa mutane uzuri kaɗan. Idan inji ya yi tafiya mai nisa, tazarar cikinsa ta buɗe, hawa mataki ɗaya, kamar daga 5W-30 zuwa 5W-40, yakan rage cin mai ba tare da illa ba. Amma hayaƙi daga ringi ko robar bawul yake fitowa, kuma kauri ba ya ɗinke su. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ƙarin nan mai kama da zuma da ake tsiyayawa a kan mai. Yana kashe ƙara na ɗan lokaci, yana kuma mayar da man wani abu da ba wanda ya san lambarsa.

Akwai kuma abin da masu dizal ke yawan mantawa: kaurin da ka zuba ba shi ne kaurin da za ka juye ba. Sinadaran da ke hana mai tsinkewa a zafi suna yankewa da aiki. A motoci masu matatar hayaƙi, ɗan man dizal yakan zurara cikin baƙin mai duk lokacin da injin ke ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a matatar, musamman idan tafiye-tafiyen gajeru ne ana kashe mota kafin aikin ya kammala. Idan ka zaro gejin mai ka ga ya haura layin sama alhali ba ka ƙara ba, ko ka ji warin dizal a jikinsa, man ya tsinke ke nan, ko da lokacin juye bai yi ba. A yi juye, a bincika dalili. Jan tirela, ƙura, da barin inji yana aiki a tsaye na tsawon lokaci duk suna cikin abin da littattafan mota ke kira aiki mai tsanani, kuma suna da nasu gajeren wa'adin juye a shafi na daban.

Idan mai ya yi ƙasa a hanya kuma ba ka sami irin naka ba, zuba wanda ya fi kusa da shi ka ci gaba, domin lita ɗaya ta 10W-40 a kan 5W-30 ba za ta kashe inji ba, amma rashin mai zai kashe shi cikin mintuna. Abin da ba a zubawa ko da wasa shi ne man giya mai lamba 75W-90 ko 80W-90: ma'auninsa daban ne, sinadaransa kuma ba na inji ba ne. Da ka isa, ka rubuta a takardar juye abin da ka ƙara da yawansa, domin bakanike ya san abin da ke cikin injin.