Yadda na nema wa Baba tallafin Medicaid a jihar Ohayo ta Amurka

Ranar da likita ya ce Baba ba zai ƙara iya wanka ko shiga bandaki shi kaɗai ba, bayan shanyewar ɓarin jiki, ban damu da batun kuɗi ba, tunda yana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka. Ashe da sauran rina a kaba. Medicare, wadda ake ba wanda ya kai shekara 65, kwana 100 kacal take biyan gidan jinya, shi ma sai an kwantar da mutum kwana 3 a asibiti tukuna, kuma daga kwana na 21 sai ka sa naka. Jinyar yau da gobe, ta wanka da ciyarwa da juya marar lafiya, Medicaid ce ke ɗaukarta. Ita kuwa ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma kowace jiha a Amurka da nata sharuɗɗan.

In ke ma za ki nema wa tsohonki, ki fara da takardar zama. Dokar 1996 ta ce mai takardar zama ta dindindin sai ya shekara 5 da ita kafin ya cancanta a yawancin jihohi. Baba ya daɗe da zama ɗan ƙasa, wannan bai tsayar da mu ba.

Sai dukiya. A nan Ohayo kada abin da tsoho ya mallaka ya wuce dala 2,000, ban da gidan da yake ciki da mota ɗaya. Kuɗin shiga na wata kuma, a 2025, iyakarsa dala 2,901. In fansho ya haura haka, akwai asusun amana na musamman da ake zuba rarar, lauya zai buɗe muku.

Inda na sha wuya shi ne binciken wata 60. Ma'aikatan Medicaid za su nemi bayanan banki na shekara 5 cur, su bi duk kuɗin da ya fita. Baba kuwa duk azumi sai ya aika wa ƙannensa a Kano, ga ragon layya, ga kuɗin makarantar jikoki. Mu a wurinmu zumunci ne. Su a wurinsu kyauta ce, kuma kyauta tana jawo jinkiri: a haɗa jimillar, a raba da kuɗin gidan jinya na wata guda, watannin da suka fito ku za ku biya da aljihunku. Don haka ki tattara rasidin kowane aike, ki rubuta dalilinsa a gefe. Fili ko gona da ke gida ma dukiya ce, a faɗe ta. Kuma kar wani ya zuga ki ki mai da gidan tsoho da sunanki cikin gaggawa, ita ma kyauta ce a lissafinsu, sai dai in kin zauna da shi shekara 2 kina jinyarsa kuma kina da shaida.

Daga nan ma'aikaciyar jinya za ta zo ta ga halin da yake ciki. Ki kasance a wurin. Da aka tambayi Baba yadda jiki yake, cewa ya yi lafiya lau, alhamdulillahi, alhali ko cokali ba ya iya riƙewa. Sai da na ce, "Baba, ku yi haƙuri, yau ba ranar kara ba ce." Tafinta kyauta ne, ki nema.

Mu ba mu kai shi gidan tsofaffi ba. Ohayo tana da shirin PASSPORT na 'yan shekara 60 zuwa sama, mai turo mai kula har gida, ta ofishin tsofaffi na yanki ake shiga. Na roƙi a turo namiji saboda wanka.

Amsa takan ɗauki kamar kwana 45, kuma duk shekara ana sabuntawa. Ki kuma zaunar da 'yan'uwa tun yanzu: bayan rasuwar wanda ya amfana yana da shekara 55 ko fiye, jiha tana neman kuɗinta daga abin da ya bari, har da gidan. Yayana sai da na nuna masa takardar sannan ya yarda.