Zoben matsi: kurakuran da ke sa dutse ya suɓuce daga yatsa

Duk wadda ta ɗaga zoben matsi ta duba shi a hasken rana ta san abin da ke jan hankali. Babu 'yan ƙafafun da suka saba riƙe dutse, babu gindi a ƙarƙashinsa. Zoben a buɗe yake ta sama, bakinsa biyu sun matse daimon ɗin daga gefe da gefe, haske na ratsa shi ta ko'ina kamar a iska yake tsaye. Masu sayarwa suna ce masa "tenshin". Kamfanin Niessing na garin Vreden a Jamus ne ya fito da shi a 1979. Sirrinsa ƙarfen ne: ana gauraya shi, a sarrafa shi har ya yi tauri irin na sifirin, wato ƙarfen da ke komawa yadda yake in an buɗa shi, sannan a fiƙe 'yan ramuka biyu inda gefen dutsen zai zauna. Da ƙarfen ya saki, dutsen ya tafi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kai shi wurin maƙerin zinari a ƙara shi ko a rage. Mun saba da haka. Zobe ya matse, a kai kasuwa, a yanka, a ƙara ɗan gutsure, a liƙe da wuta, kafin la'asar an dawo da shi. Wannan zoben ba ya ɗaukar haka. Wuta tana sa ƙarfe ya yi laushi, wannan taurin da aka sha wahala aka samar ya gudu, kuma ba a gane shi da ido. Zai dawo yana ƙyalli, dutsen na wurinsa, sai bayan 'yan makonni a wayi gari babu shi. Maƙerin ba mugu ba ne, aikin da ya sani ya yi. Gyaran na wanda ya ƙera zoben ne, kuma sau da yawa sabon zobe zai yi ya mayar da dutsen ciki.

Shi ya sa awon yatsa ba abin yi da gaggawa ba ne. Yatsa na kumbura da zafin bazara, yana ramewa da sanyin hunturu, yana canzawa da juna biyu. Ki auna sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, da yamma, ba da sanyin safiya ba. Ango kuma da zai sa shi a lefe, kada ya yi kintace. Ya aika a karɓo awon amarya.

Sai batun karat. A wurinmu gwal mai daraja shi ne 21 ko 22, irin wanda ake kawowa daga Saudiyya da Dubai, don ranar da aka matsu ana iya sayar da shi. Amma yawan zinarin shi ne laushinsa. Karat 22 kusan kashi 92 cikin ɗari zinari ne, 21 kuwa kashi 87.5, dukansu suna lanƙwashewa da sauƙi. Zoben matsi na gaskiya ana yin sa da karat 18, mai kashi 75, wanda aka taurara musamman, ko filatinom, ko titaniyom. Idan aka nuna miki na 22 aka ce matsi kaɗai ke riƙe da dutsen, ki ajiye musu abinsu.

Dutsen ma ba kowanne ba. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daimon yana kan 10, yakutu ja da shuɗi suna kan 9, su ne ke jure matsin. Zumurrudu kyakkyawa ne, amma cikinsa cike yake da 'yan tsagu, matsi na iya fasa shi. Daimon ɗin kansa idan yana da tsagar da ta kai gefe bai dace ba. Ki nemi takardar shaidar ingancin dutsen, ki karɓi madubin ƙara girma na mai shago ki duba gefen da idonki.

Akwai kuma zobba masu kama da na matsi, amma da 'yar gada a ɓoye ƙarƙashin dutsen tana haɗa ɓangarorin biyu. Ni ban raina su ba, sun ma fi sauƙin gyara. Laifin shi ne a sayar miki da shi da kuɗin na ainihi. Ki juya zoben ki leƙa ƙasa, gadar ba ta ɓuya.

A gida, ki tuna gefen dutsen a waje yake. Daimon ba ya karcewa da sauƙi, amma bugu ɗaya a bakin tukunya ko taɓarya na iya ɓantare shi. Ki cire shi kafin daka da wanki, musamman idan akwai bilic a ruwan, domin sinadarinsa na cin gaurayen zinari. Man shafawa da kwaɓin fulawa suna maƙalewa a ramukan. Kada ki sa allura ko tsinke ki ce za ki sakace, kina iya ture dutsen. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun wadatar.

Lokaci-lokaci ki kai shi kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa da farce. Idan kika ji ƙara, ko kika ga dutsen ya ɗan juya, ki cire shi nan take ki naɗe a ƙyalle har ya koma hannun wanda ya ƙera shi. Kada ki matse shi da haƙori ko filaya.