Yadda Ake Jinyar Wanda Ajalinsa Ya Kusanto a Legas

Idan likita ya tabbatar cewa ciwo ya fi ƙarfin magani, abin da ya rage wa mai jinya shi ne sauƙaƙa wa majinyaci kwanakin da Allah Ya bar masa, kuma a fara da raɗaɗin ciwo. Likitoci a manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, suna rubuta morfin, wani magani mai ƙarfi na rage raɗaɗi, ga masu ciwon daji da ya yi nisa. A riƙa ba da shi a kan lokacin da aka tsara, kada a jira sai majinyaci ya fara nishi, kuma a nemi maganin da zai sauƙaƙa bayan gida, domin morfin yana busar da ciki.

Zafin Legas da gumi suna saurin ɓata fatar wanda ya daɗe a kwance, musamman a ɗakin haya mai taga ɗaya a Agege ko Mile 12 idan an ɗauke wuta. A tanadi fanka mai caji, a juya majinyaci kowane awa 2, a canza zanen gado da zarar ya jiƙe, a duba ƙugu da dunduniya, inda gyambon kwanciya yake fara nunawa da ja ko duhun fata.

Wani kuskuren da ake yi a gidajenmu shi ne ɗura wa majinyaci abinci. Uwa ko mata tana ganin ƙin cin abinci ne zai kashe shi, sai ta dage da cokalin kunu har ya ƙware, alhali jikin ne ya daina buƙata. Idan haɗiya ta yi wuya, a tsoma auduga a ruwa a jiƙa masa baki, a shafa man kaɗe a leɓe.

Akwai kuma maganar gida. Bahaushen da ya shekara 30 yana neman abinci a Legas, sau da yawa burinsa ya cika a gaban danginsa a Kano ko Sakkwato. A tambaye shi tun yana da ƙarfin magana, a ce: "Baba, kana son a kai ka gida, ko a kira su su zo?" Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma a ganina zalunci ne a jira sai ya galabaita sannan a saka shi a mota. Idan lokacin ya wuce, a haɗa shi da su ta kiran bidiyo. A wannan zaman ne za a ba shi dama ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya yi wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba, ya nemi yafiyar wanda ya ɓata wa.

A taƙaita masu dubiya, kuma kada a yi zancen likkafani ko gado a kansa, domin wanda ya daina magana yana iya ji. Idan numfashi ya fara yankewa, wanda ya fi shaƙuwa da shi ya matso kusa da kunnensa ya faɗi "La ilaha illallah" a hankali, ba tare da umartarsa ya maimaita ba. In ya faɗa, a yi shiru, sai idan ya sake yin wata maganar sannan a sake laƙƙana masa.