Yadda Ake Sa Signal na Kwamfuta a Wayar PinePhone

Mai PinePhone a Maradi zai tarar babu manhajar da masu Signal, manhajar aika saƙo cikin sirri, suka yi domin wayar, saboda Linux ne a cikinta, don haka sai ya nemi ta kwamfuta. Wadda aka saba saukewa ta injin Intel ko AMD ce, wayar kuwa wani irin inji daban mai suna ARM gare ta, shi ya sa ake neman wadda masu sa kai suka harhaɗa ta Flatpak, wata hanyar rarraba manhajoji a Linux. A bincika tushenta tukuna, tunda sirri ake son karewa.

Bayan girkawa, a buɗe ta, a ɗauki lambar QR ɗin da za ta nuna da wayar Android ko iPhone mai rajistar Signal, domin a haɗa su. Idan taga ta fi allo faɗi, a rage girman nuni a Phosh, wato manhajar da ke tsara allon wayar. Saƙo ba ya shigowa yayin da wayar take barci, hana ta barcin kuma yana cinye batir.