Yadda Ake Zaɓar Tayar Tubles Ta Keken Tsere Idan Titin Legas Kake Hawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hawa keke. Keken ƙafa nake nufi, na tsere mai siririyar taya, ba Marwa ba, don na san a garin nan kana cewa keke hankalin mutum can yake tafiya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani ƙanena ne da ke zaune a Agege ya tara kuɗinsa wata da watanni ya sayi tayar tubles guda biyu masu tsada, ya kawo min wai yaya taimaka min mu ɗaura, ina duba rim ɗinsa na ga ashe ma ba na tubles ba ne kwata-kwata. Wallahi abin ya taɓa ni, don na san yadda yaron ya wahala kafin ya haɗa kuɗin. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mutane da yawa daga taya suke farawa, alhali taya ita ce ta ƙarshe a lissafi. Rim ɗinka da titin da kake bi su ne za su zaɓa maka, kai dai naka biyan kuɗi.

Ga wanda bai sani ba, tubles taya ce da ba a sa mata tub a ciki. Bakinta ne ke kama rim gam, iska ta zauna tsakanin tayar da rim ɗin, sannan a zuba wani ruwa kamar madara a ciki da ake kira silant, in ƙusa ko ƙaramar kwalba ta huda tayar sai ruwan ya bi iskar ya toshe ramin kana cikin tafiya. A keken tsere tun 2006 Shimano da Hutchinson suka fito da ita, amma sai a 'yan shekarun nan ta zama ruwan dare.

Mataki na farko, cire wili ka kalli rim

Ka nemi rubutu a jikinsa, TLR ko TR ko Tubeless Ready. In babu, ka ɗauki sunan wilin ka bincika a intanet. In ya tabbata ba na tubles ba ne to dan Allah ka tsaya nan, kada wani ya ce maka ai sai a naɗa tef kawai a wuce. A keken dutse da iskarsa ba ta da yawa wasu suna yin wannan dabarar su sha, amma keken tsere iskarsa tana da ƙarfi, taya ta fita daga rim kana gangarowa daga gadar Lekki zuwa Ikoyi da gudu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai abu na biyu a rim ɗin, wanda shi ne ya fi rikita mutane. Ka sa yatsa a gefen ciki, in ka ji wani ɗan leɓe ya lanƙwaso ciki kamar ƙugiya to naka mai ƙugiya ne, kusan kowace tayar tubles za ta hau. In kuma gefen miƙe yake sumul to shi ne ake kira hukles, sabbin wili na kabon da yawa haka suke zuwa, irin su Zipp da Enve da Giant. Wannan yana da sharuɗɗa biyu da ba a wasa da su, ba kowace taya ce ke hawansa ba sai wadda kamfaninta ya rubuta ta dace, sannan iska ba ta wuce 72.5 psi (ma'aunin ƙarfin iska da ke jikin famfo), wato bar 5. Misali tsohuwar Continental GP5000 mai TL a ƙarshen sunanta ba a yi ta don hukles ba, wadda ta biyo bayanta a 2021 mai S TR ita ce ta dace. 'Yan haruffa ne kawai bambancin a jikin kwali, kuma mai shago ba lallai ya faɗa maka ba, wani shi ma bai sani ba.

Ka auna faɗin cikin rim ɗin ma. Yawanci za ka samu 19 ko 21 ko 23 ko 25 na milimita. In naka 25 ne kada ka ɗaura masa taya mai faɗin milimita 25 ko 28, fara daga 30.

Mataki na biyu, faɗin taya, kuma nan ne nake so a saurare ni

A jikin taya za ka ga 700x28c ko 28-622. Wannan 622 ɗin girman da'irar rim ne, duk keken tsere na manya kusan shi ne, ba ruwanka da shi. 28 ɗin shi ne faɗi, shi ne zaɓinka.

Mu da muka fara hawa da daɗewa an koya mana cewa siririyar taya 23 da iska kamar dutse ita ce gudu. A kan titi mai santsi kamar faranti wataƙila, amma faɗa min ina wannan titin yake a Legas? Ka fito daga Idi-Araba ko Mile 12 da asuba, kafin ka kai inda kwalta ke da kyau ka ci ramuka, ka ci intalok ɗin da ya zazzauna, ka ci yashin da ruwa ya kwaso ya zube a gefen hanya, ga danfo ya matse ka dole ka faɗa inda ba ka so. Taya mai tauri a irin wannan hanya tsalle kawai take yi, ƙarfinka yana tafiya a girgiza, hannu da baya suna ciwo. Mai faɗi da iska kaɗan tana lanƙwasawa ta haɗiye ramin ta wuce.

Akwai kuma dalilin da ya shafi tubles kanta. Silant yana son iska mara ƙarfi, in ka ɗura 90 psi a siririyar taya ƙusa ta huda, iskar fesar da ruwan take yi waje kafin ya samu ya daskare, ka tashi da fari-fari a ƙafa da bodin keke kuma tayar ta sace. A 55 ko 60 kuwa sau da yawa ba ma za ka san an yi huda ba sai ka dawo gida ka ga ɗan tabo. Shi ya sa ni a ganina tubles a kan 25 rabin amfani ne, 28 shi ne mafi ƙanƙanta, in kekenka zai ɗauki 30 ko 32 to ka rufe ido ka ɗauka.

Amma fa sai in zai ɗauka. Keke mai birkin roba da ke kama rim, irin tokumbo da yawancinmu ke hawa, sau da yawa 25 ne iyakarsa, wasu su kai 28. Mai birkin faranti yakan ɗauki 32 ko fiye. Ka auna da tayar da ke kai yanzu, ka duba ƙarƙashin fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, da bayan inda feda take, ka tabbata za a bar kamar milimita 4 kowane gefe, don da damina laka da tsakuwa suna maƙalewa su dinga cin bodin. Ka sani kuma taya 28 a kan rim mai faɗi tana iya buɗewa ta kai 30.

Mataki na uku, ta gasa ko ta wahala

Kowane kamfani yana da tayar gasa mai laushi da sauƙin nauyi, yana kuma da mai kauri ta yau da kullum. Ta gasa irin su Vittoria Corsa Pro, Schwalbe Pro One, Pirelli P Zero Race, GP5000 S TR, daɗin hawa kam ba a magana, amma gefensu siriri ne, kuma silant ƙananan huda yake toshewa, in fasasshiyar kwalba ta yanka gefen taya babu ruwan da zai cece ka. Masu kauri su ne irin Pirelli Cinturato Velo, Vittoria Rubino Pro, da GP5000 AS TR wadda ke tsakiya, tana da gudu kuma an ƙara mata kauri da riƙo a jiƙaƙƙen titi.

In kai mai fita Ikoyi da Victoria Island ne kawai ranar Asabar, ko kana shiga gasa, sayi ta gasa ka more. In kuwa daga unguwa kake tasowa a kan kekenka, ka bi Ikorodu Road ko ka miƙa hanyar Epe, mai kauri ce taka, ɗan gudun da za ka rasa bai kai zaman gefen titi kana jiran wanda zai zo ya ɗauke ka ba. Ga ruwan sama daga Afrilu har Yuli, ya ɗan huta ya dawo a Satumba, kuma jiƙaƙƙiyar kwalba ta fi shiga roba. Wasu suna sa mai laushi a gaba mai kauri a baya tunda baya ce ke ɗaukar nauyi kuma ita ke fara cinyewa, wannan ma dabara ce mai kyau.

Zanen da ke kan tayar kada ya ɗauke maka hankali, a kan kwalta ingancin robar ne ke riƙe ka.

Mataki na huɗu, wajen saye

Ka karɓi tayar a hannu ka buɗe ta. Rubutun TLR ko TR ko TLE ya kasance a jikin robar kanta, ba a kwali kawai ba, don taya ɗaya tana zuwa kala biyu, ta tub da ta tubles, sunansu ɗaya. Ka lanƙwasa gefen ka duba ko akwai ƙananan tsaga, alamar ta daɗe a ajiye cikin zafi ke nan. In kuɗin ya yi arha da yawa ka yi shakka, akwai jabu. Tayar tubles ta hannu kuma ni ba na ba da shawara, bakinta ya riga ya saki.

Kuma kada ka kashe duk kuɗinka a taya, akwai sauran kaya. Tef na tubles da ya ɗan fi cikin rim faɗi, zagaye biyu ake yi, ba salatif na lantarki ba. Bawul na tubles wanda tsawonsa ya wuce zurfin rim ɗinka yadda famfo zai kama, kuma mai cirarren ciki. Silant, irin Stan's ko Orange Seal ko Muc-Off, kamar mililita 40 zuwa 60 kowace taya. Sai 'yar allurar cusa roba ta toshe babban rami.

Mataki na biyar, ɗaurawa da iska

Ka duba kibiyar da ke nuna inda tayar ke juyawa. Ka tura bakin tayar cikin kwarin tsakiyar rim duk zagaye, ka ƙare a wajen bawul, in ta yi gardama shafa ruwan sabulu, kada ka sa ƙarfe ka yaga tef. Fara hura ta ba silant, za ka ji ƙara tas tas, ta zauna ke nan, sai ka bi layin da ke gefenta ka ga ya fito daidai ko'ina. In famfon gida ya kasa, cire cikin bawul ɗin ka sake gwadawa, in ya ƙi ka je wajen mai faci da 'yar adafta tunda bakin injinsa na mota ne, amma ka tsaya a kansa, ka ce malam kaɗan-kaɗan, domin ya saba da tayar mota kuma cikin daƙiƙa zai wuce iyakar da aka rubuta. Bayan nan ka sace iskar, ka zuba silant ta bawul, ka hura, ka jujjuya wilin ka girgiza shi ta kowane gefe, ka ɗan hau zagayen layi.

Mai nauyin kilo 70 zai iya farawa da wajen 60 psi a taya 28, wajen 50 a 32, gaba ta ɗan gaza baya, mai nauyi ya ƙara kaɗan. Tubles tana rage iska da kanta a hankali, don haka duk fita sai ka gwada.

Zafin Legas yana busar da silant da wuri, ni duk wata biyu nake cire wili in girgiza kusa da kunne, in ban ji motsin ruwa ba in ƙara. Kuma tub guda ɗaya da ƙaramin famfo ba sa barin aljihun rigata, ranar da kwalba ta yi babbar yanka sai ka kwance bawul ɗin tubles, ka lalube cikin tayar ka cire duk ƙusoshin da silant ya rufa wa asiri a baya, ka sa takardar naira a naɗe ta tare yankan daga ciki, ka zura tub ka hura ka kama hanyar gida.